Audugar da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Ɗankwali

Gwarzo,
ranar Laraba da hantsi.

Assalamu alaikum.

Ina gaishe ki irin gaisuwar da ban iya yi miki baki da baki ba. Ina fatan kin sauka Kano lafiya, kin huta gajiyar hanya, kin samu Gwaggonki da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya, manya da yara. Allah ya tsare ki a mota, ya tsare ki a ƙasa, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa, ya sa ki shiga wannan aiki a sa'a.

Ke ce 'yar fari. Tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki ba, ban kuma taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba, kakarki ce mai wannan aikin har Allah ya karɓi abinsa. Wannan kunyar ta gado ce, ba ta dame ni ba. Amma akwai wata kunyar daban da na jawo wa kaina da hannuna, ita ce ta sa na ɗauko biro yau. Zan tura takardar ƙarƙashin zannuwan gado a akwatinki, don na fi so ki karanta kina nesa da idona.

Shekaranjiya da kike ba Babanku labarin ofishin da aka ɗauke ki, ina daga ɗaki ina ji. Kin ce wani makeken zaure ne, tebur manne da tebur, babu bango babu ƙofa, waya na kuka ta nan tana kuka ta can, kowa yana magana lokaci guda. Kika ce, "Baba, ni kam ban san yadda mutum zai yi tunani a wurin nan ba." Ya yi dariya ya ce, "Tambayi Innarku." Da yamma ina shirya miki kaya sai na ci karo da ɗan rediyon nan mai igiya biyu da ake cusawa a kunne, sabo fil, kin naɗe shi cikin hijabi. Sai da na zauna a bakin gado. Na san abin da kike shirin yi da shi, domin na riga ki yi.

Halinmu ɗaya ne ni da ke, kada ki yi musu. Tun kina firamare idan kika buɗe littafi ƙannenki ba su isa su yi tari ba. Ni kuma a lokacin sai in yi ta goyon bayanki ina korarsu waje, ina jin daɗi na haifi mai hankali. Da na san abin da nake shukawa da na bar su sun yi ta tsalle a kanki.

Kina 'yar ƙarama aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da mutum zai wuni a layi don sabulu da gwangwanin madara. Ina buga tafireta a lokacin, a nan Gwarzo. Da can mu masu tafireta ɗakinmu daban, akawuna nasu daban, a wasu gidajen haya. Da aka ce babu kuɗin haya sai aka kwashe mu gaba ɗaya aka zuba a wani tsohon siton gyaɗa, rufin kwano, babu silin. Idan mutum ya yi atishawa a bakin ƙofa, na ƙarshen zaure ne zai fara yi masa addu'a. Ga tafiretoci, ga fanka guda ɗaya mai kukan tsiya, ga rediyon Malam Haruna, babban akawunmu, wanda ba ya kashe shi sai lokacin salla. Ga kuma mutanen ƙauyuka irin su Kara da Durun masu zuwa neman takarda. Ba a taɓa yin wanda ya wuce kai tsaye wurin da ya zo ba. Sai ya bi tebur-tebur, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, yaya muka ji da tsadar nan, kafin ya kai ƙarshe wani ya shigo ya ɗauko daga farko.

Albashi kuma ba ya zuwa a kan kari, saboda haka kowa yana da 'yar sana'arsa a ƙarƙashin tebur. Maƙwabciyata a tebur, Asabe, daddawa take sayarwa da ƙuli-ƙuli da garin kuka. A kanta duk wannan takarda za ta tsaya, don haka bari ki san ta. 'Yar Garo ce, doguwa mai wushirya, dariyarta daga bakin titi ake jiyo ta. Mijinta ya rasa aikinsa a masaƙa a Kano ya tafi kudu nema, ya bar ta da ɗansu Nura, sa'anki ne, kun sha wasan ƙasa tare ko da yake ba za ki tuna ba. Teburinta a jikin nawa yake, idan ta juya gwiwar hannunta sai ta taɓa tawa. Asabe ba ta da mugunta ko ta ƙwayar gero. Ita ke kama min layin sabulu, ita ke kawo min fura lokacin da nake da cikin ƙaninki ba na iya cin komai. Bakinta ne kawai ba ya hutawa, daga safe har a tashi.

Kuskurena na farko shi ne ban taɓa buɗe baki na gaya mata ba. A lokacin takarda ƙidaya ake ba mu, wadda ta ɓata sai Malam Haruna ya yi mata faɗa a gaban kowa. Wata rana ina buga wasiƙar ofis da Turanci, Asabe tana ciniki da wata mata a kunnena, ban ankara ba na buga "daddawa" a tsakiyar layi. Malam Haruna ya tashi tsaye, ya gyara tabarau, ya karanta wa zaure duka. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki, Asabe ta fi kowa. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar na fara tsaki. In ta yi magana in ja tsaki, in harare ta ta gefen ido, in buga tafireta da ƙarfi kamar ita ta yi min laifi. Ita kuma ba ta gane ba, ta ɗauka wata damuwa ce da ni a gida. Sai ta matso ta ce, "Hajara, ko ke da maigidan ne? Faɗa min, babu mai ji." A zauren da atishawa ba ta ɓuya! Don ta faranta min rai sai ta ninka surutun.

To ki ji. Tsaki ba ya isar da saƙo, ɓata fuska ma haka. Wanda yake damunki da surutu yawanci bai san yana yi ba. Ki juya ki dube shi ki ce, "Don Allah ɗan ba ni lokaci in ƙarasa wannan, in na gama zan saurare ka." Sannan in kin gama ki cika alkawari, ki juya ki saurara. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba, amma ni girman kai da kawaicin banza suka hana ni faɗarta. Ina ganin kamar rashin kunya ne in ce wa mutum ya yi shiru, alhali harara ta fi rashin kunya.

Maimakon in gaya mata sai na kai ƙara. Na samu Malam Haruna na durƙusa na ce, "Malam, wallahi hayaniyar nan ta ishe ni, ba na iya aiki." Ya rage rediyonsa ya dube ni ya ce, "Hajara, kin taɓa zama a kujerata kin ji tafiretarki? Duk zauren nan babu mai ƙara irin taki. Kamar ana sussukar gero a kan kwano. Mu ma haƙuri muke." Na tashi na koma teburina. Ni da nake ganin ni kaɗai ce mai natsuwa a cikin mahaukata, ashe ina cikin masu hana mutane sakat. Ke ma ki riƙa tuna wannan. Muryarki a waya, jan kujerarki, dariyarki da ƙawa, duk wani yana can yana haɗiye su bai ce komai ba.

Sai na koma gini. Na tara tsofaffin fayiloli na jera su tsakanina da Asabe har suka kai min kafaɗa. Ba ta ma san don ita aka yi ba. Da safe sai ta kwashe su ta mayar kabad tana cewa, "Waɗannan za su faɗo miki a ka wata rana." In na sake jerawa sai ta miƙe tsaye ta yi min maganar ta sama. Amma sauran mutanen zaure sun gane, sun kuma lura na fara taƙaita gaisuwa. Dattijo zai zo daga Durun ya tsaya a gabana yana jero gaisuwa, ni kuwa "lafiya lau" ɗaya nake jefa masa, idona a kan takarda. Ba a daɗe ba aka raɗa min suna Baturiya. Na ji zafin sunan, amma ban gyara ba, sai ma na ƙara tsuke fuska.

A nan ne na yi abin da ya sa nake rubuta miki. Kin san Babanku a lokacin malamin asibiti ne, yana da akwatin magani a gida da babur ɗinsa, unguwa duk shi ake bugawa ƙofa. Wata safiya na ɗebi auduga a akwatinsa, na mulmula, na shafa mata ɗan man shafawa na cusa a kunnuwana, na sauko da ɗaurin ɗankwali ya rufe su ruf. Ba za ki gane daɗin da na ji ba. Auduga ba ta kashe ƙara gaba ɗaya, amma in ta haɗu da ƙarar tafiretata sai magana ta koma wani gunaguni can nesa, ba ka tsintar kalma ko ɗaya. Aikina ya gyaru, na daina ɓata takarda, har Malam Haruna ya fara ba ni manyan wasiƙu. Ban gaya wa kowa ba, ko Babanku.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma tunda na ɓoye, dole in nuna kamar ina ji. Sai na koyi wata dabara. In Asabe tana magana nakan saci kallon bakinta, in ya tsaya sai in ce "to", ko "Allah Sarki", ko "ikon Allah", in gyaɗa kai. Da na ƙware ma na daina kallon, daga tsayawar gunagunin nake gane lokacin amsawa. Wata da watanni baiwar Allah tana zuba min cikinta, ni ina gyaɗa mata kai kamar ƙadangare, ina kuma yaba wa kaina wayo.

Ban ce ki jefar da rediyonki ba, ban ma taɓa shi ba. Kai yana buƙatar hutu, aiki kuma amana ne, dole a samu yadda za a yi shi. Amma in za ki toshe kunne, ki toshe a fili. Ki fito da igiyar bisa hijabi kowa ya gani, ki gaya wa na kusa da ke, "In kun ga wannan ba na ji, ku taɓa ni." Kuma ina roƙonki da girman Allah, kada ki taɓa cewa "to" ga maganar da ba ki ji ba. "Ban ji ba, sake faɗa" ba ta taɓa rage wa kowa daraja ba. Ga abin da "to" ɗina ta jawo.

Cikin damina ne, lokacin zazzaɓi. Wata rana na zo na tarar kujerar Asabe babu kowa. Washegari ma haka, har aka ɗan kwana biyu. Ban tambayi kowa ba. Abin da na ce a raina shi ne, alhamdulillahi, yau gefen damana zai huta. Ana ta magana a zaure, na ga mutane suna taruwa biyu-biyu uku-uku, amma audugata tana ciki, kaina yana ƙasa, na ɗauka zancen albashi ne.

Sai wata safiya na zo na tarar da zauren wayam. Babu Malam Haruna, babu rediyo, babu kowa. Maigadi yana bakin ƙofa, na ga ya ɗago hannu kamar zai yi magana, na jefa masa "ina kwana" na wuce da sauri. Na shiga na zauna, na zare audugar na ajiye a kan tebur. Ina jin kukan kurciya a kan rufi. Ki yafe min abin da zan faɗa, amma ban taɓa jin daɗin aiki irin na wannan safiyar ba. Hannuna yana gudu, babu kuskure ko ɗaya, har 'yar waƙa nake yi ƙasa-ƙasa. Na gama aikin da ya taru min duka. Ko sau ɗaya ban tsaya na ce ina mutane suka tafi ba. Zaure guda na bayin Allah ya ɓace, ni murna nake.

Bayan azahar suka dawo cikin motar haya, kowa ido ya yi ja. Suka shigo shiru, suna kallona suna kawar da kai. Malam Haruna ya zo ya tsaya a gaban teburina ya ce, "Hajara, ba mu gan ki ba."

Na ce, "A ina, Malam?"

Ya ce, "A Garo. Nuran Asabe Allah ya yi masa rasuwa jiya. A nan zauren aka yi sanarwa, kina zaune, aka ce a haɗu a bakin titi da safe."

Na ce inna lillahi. Bai tafi ba. Ya rage murya, abin da bai saba ba, ya ce, "Akwai kuma wata magana. Ta ce ranar da jikin yaron ya fara tsanani ta roƙe ki ki turo maigidanki ya duba shi da yamma, kika ce to. Ta shimfiɗa tabarma ta jira shi har aka yi isha'i. Da safe ta kai shi asibiti, daga baya ta wuce da shi gida wurin uwarta. Ba ƙara ta kawo ba, cikin kuka ta faɗa." Idonsa ya sauka kan dunƙulen audugar da ke gefen tafiretata. Ban sani ba ko ya gane, ya dai koma kujerarsa.

Da na koma gida na gaya wa Babanku duka, har audugar da na sata a akwatinsa. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Rai na Allah ne, ko na je in kwana ya ƙare ya ƙare. Amma da kin faɗa min da na je." Washegari ya ɗauke ni a babur muka tafi Garo. Na shiga cikin mata na zauna, na ce, "Asabe, yaya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne." Ta ce, "Amin, na gode, ya hanya?" Shi ke nan abin da ya shiga tsakaninmu. Ina kallon tabarma har muka tashi.

Da ta dawo aiki ta dawo wata daban. Ta daina kawo daddawa, ta daina dariyar nan. Za ta gaishe ni da safe cikakkiyar gaisuwa, babu gaba babu harara, sannan ta juya ga aikinta har a tashi. Na samu shirun da na daɗe ina nema, a daidai gefen da nake nemansa, na kuwa kasa aiki a cikinsa. Audugar tun ranar na watsar, amma kurakuraina suka fi na da yawa. Ina zaune kunnena a buɗe ina jira ta ce wani abu, ko zagi ne, ba ta ce ba. Da aka zo rage ma'aikata ita da kanta ta ce a sa da ita, ta tattara ta koma Garo. Muka yi sallama lafiya lau kamar mutanen da suka haɗu a mota.

Za ki ce me ya hana ni gaya mata gaskiya. Na sha ɗaukar maganar har bakina in mayar. In na yi shiru, tana ganina a matsayin wadda ta ji ɗanta ba lafiya ta share. In na faɗa, za ta san duk abin da ta yi watanni tana gaya min, na mijinta, na kewarta, na tsoronta, a auduga ya ƙare. Na rasa wanne ya fi muni, sai na zaɓi wanda ba sai na buɗe baki ba. Wannan shi ne kuskurena mafi tsawo, don shi na yi shekaru ina maimaitawa kullum. In kin yi wa abokin aiki laifi, ki same shi tun abin yana ɗanye. Kunya ba ta raguwa da jinkiri, ni shaida ce.

Na ci gaba da aiki a wannan zauren har na yi ritaya, kuma a hankali na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Nakan riga kowa zuwa, in yi aikin da ke buƙatar natsuwa kafin zaure ya cika. In mutane sun iso sai in ajiye, in tashi in bi su da gaisuwa cikakkiya, har in tambayi mai ciwon ƙafa ƙafarsa. Abin mamaki, wanda ka ba shi gaisuwarsa a cike ba ya dawowa ya dame ka, wanda ka gutsure wa ne yake ta kewayowa. Aikin da hannu kawai yake so, kamar jera takardu, shi nake bari wa lokacin da hayaniya ta fi yawa. In kaina ya ɗau zafi sai in fita in yi alwala in sha iska a gindin darbejiya in dawo. Abinci kuma tare da mutane nake ci, a nan ake jin wa ya haihu, wa ke jinya. Hayaniyar ba ta ragu ba ko kaɗan, amma ta daina cizona. Ki gwada waɗannan, ki ƙara da naki, ofishinku ba namu ba ne.

Da aka dawo da Shari'a kin ga yadda makarantun Islamiyya na matan aure suka cika, har mu tsofaffi muka ɗauki jaka. Wata rana malamarmu tana karantar da haƙƙin maƙwabci, na ɗaga hannu na ce, "Malama, wanda kuke zama tebur ɗaya a wurin aiki fa, shi ma maƙwabci ne?" Matan suka yi dariya. Ita ba ta yi ba, ta ce, "Hajiya, wanda kike wuni da shi kafaɗa da kafaɗa, in ba maƙwabci ba ne mene ne?" Na koma gida da maganar, amma ko a lokacin ban motsa ba. Duk tafiyar da zan yi Kano, in mota ta tsaya a Garo ɗaukar fasinja, sai in sunkuyar da kai in yi ta kallon yatsun ƙafata har a wuce.

Jiya da na ce muku zan je Kabo dubiya, ba can na je ba. Na ga ba ni da bakin yi miki nasiha alhali ni ban gyara tawa ba. A Garo na sauka, na yi tambaya aka nuna min gidan. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe, yaran gidan na ta tsalle a kanta. Ta tsufa, wushiryar ta ƙara faɗi. Ta ɗago ta gan ni ta ce, "La ilaha illallahu! Baturiya! Wa ya mutu?" Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa muka sake gaisawa. Bakin ya dawo, ko da yake ba kamar da ba. Ta tambaye ki, na ce gobe za ki tafi aiki Kano, ta yi ta sa albarka. Ta ce, "Da Nura yana nan da shi ma yanzu ya kai."

A nan na kasa riƙewa. Na ce, "Asabe, na zo da wata magana da ta daɗe a wuyana. Ranar da kika roƙe ni in turo maigidana, wallahi ban ji ki ba. Auduga ce a kunnena. Na daɗe ina sa ta, duk hirar da kike min ba na ji." Na faɗa ina kuka kamar yarinya, ina jiran ta tashi ta bar min wurin.

Ta ajiye rariya ta ce, "Audugar? Ai na sani."

Na ɗago.

Ta ce, "Tun farko-farko na gan ta, kina gyara ɗankwali ta leƙo. Ban ji haushi ba, ai na san bakina. Ni wurin sauke abin da ke cikina nake nema, ke kuwa ba za ki kai gaba ba tunda ba ki ji ba. Duk zauren nan babu mai riƙe sirri irinki." Ta yi dariya har da tafa hannu, ni ma na yi cikin hawaye.

Sai dariyar ta tsaya. Ta kori yaran waje. Ta ce, "Amma ranar nan ba daga kujerata na yi miki magana ba, Hajara. Tasowa na yi na zagayo, na kama hannunki na ɗauke shi daga kan tafireta. Kuka nake fa. Na ce a raina, yau ko ba ta ji ba za ta ga fuskata ta tambaya. Sai kika ce to. Shi ya sa na ɗauka kin ji."

Shekaru ina cewa ban tuna ranar ba, amma tana faɗa na tuna. Na tuna hannunta, da sanyi. Na tuna kuma inda idona yake. Yana kan layin da na tsaya a takarda, ina tsoron kada ya ɓace min. Ban ɗago ba. Duk shekarun nan ina ɗora wa auduga laifi, ashe ko da kunnena a toshe, idona a buɗe yake, ni ce ban duba ba.

Ta ce ta yafe tun ba yau ba, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta rako ni har bakin titi tana riƙe da hannuna, wannan karon fuskarta nake kallo har mota ta zo.

Wannan shi ne abin da nake da shi, ba ni da wani. Za ki shiga zaure mai ƙara, za ki nemi hanyar kare kanki, ki nema, ba laifi. Amma duk ranar da wani ya taso daga kujerarsa ya zo ya tsaya a kanki, ko ya taɓa hannunki, ki saki abin da kike yi ko da layin zai ɓace, ki ɗago ki dubi fuskarsa. Layi ana sake nemo shi.

Allah ya kiyaye ki fita da shiga, ya tsare miki mutuncinki da addininki, ya ba ki kunne mai ji da zuciya mai taushi fiye da ta uwarki. Ya raba ki da sharrin hanya da na mutane, ya raba mutane da sharrinki. Ki gaida Gwaggonki da maigidanta da yara. Babanku da ƙannenki suna sa miki albarka. In kin zo hutu kada ki yi min zancen takardar nan, ba zan iya haɗa ido da ke ba. Ki dai yi aiki da ita.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajara.